Kafin Ka Tura Kuɗin Masauki, Wa Ya Tsaya Wa Gidan?

Wata sana'a ta kafu a Garwa da Marwa da Gaundare, a arewacin Kamaru, har ta tsallaka Njamena, ba tare da an yi mata shela ba. Mutum ya gina gida, ko ya keɓe sashe guda na gidansa, ya zuba gado da kujeru da firiji da tukwane, ya kafa na'urar sanyaya ɗaki, sai ya riƙa ba matafiya haya ta kwana biyu, ko ta mako, ko ta wata. Mebile ke nan, kamar yadda kowa ke kiransa. Yawancinsu ba su da allo a ƙofa. Kasuwarsu a waya take ci: hotuna a Facebook, ɗan gajeren bidiyo a WhatsApp, lamba a ƙasa, sannan saƙon nan da kowa ya haddace, wai masu neman gidan suna da yawa, a tura wani abu a riƙe maka.

Ni ba na cikin masu ƙyamar wannan sana'a. Buƙata ce ta haife ta. Otal an gina shi ne don mutum ɗaya da jakarsa, mu kuwa ba haka muke tafiya ba. Wanda ya ɗauko mahaifinsa daga Chadi, ya tsallako gadar Ngeli zuwa Kuseri, ya nufo asibitin Meskin da ke gefen Marwa, yana tare da mai jinya, da mai dama wa marar lafiya kunu, wataƙila har da jariri a goye. Iyayen da suka rako ɗansu jami'ar Gaundare a Dang, dangin amarya da suka cika mota guda, ɗan kasuwar da zai jira kaya mako biyu, duk madafi suke so, da tsakar gida, da ƙofar da za su rufe su sake. A otal ɗaki uku za su kama, su sayi abinci safe da rana da dare, Hajiya kuma ko iska za ta sha sai ta yafa mayafi ta ratsa maza. Sauka gidan 'yan'uwa ma yana da iyaka. Hadisi ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma duk wanda ya san yadda gidajen cikin gari suka matse ya san mako uku a ɗakin kawunka nauyi ne, ko bai faɗa ba.

Inda nake da ja shi ne yadda muke kama waɗannan gidaje. Mun koma muna biyan hoto, muna tura kuɗi ga lamba. Tambayar da kakanninmu ke yi tun kafin su sauke kaya daga kan jaki, mun bar ta: wane ne ya tsaya wa wannan masauki, kuma a ina ake samunsa?

Bahaushe ya daɗe da sanin masaukin baƙi na ciniki. Fataken goro da na shanu da na kanwa ba a daji suke kwana ba idan sun shigo gari. Akwai zango, akwai fatoma. Fatoma zai ba ka ɗaki, matansa su aiko da tuwo, ya adana maka kayanka da kuɗinka, ya haɗa ka da mai saye. Idan an ba da bashi shi ke lamuni. Idan rigima ta kai gaban sarkin zango ko alƙali, shi zai zauna kusa da kai. Ba kyauta yake yi ba, yana da la'adarsa a cikin cinikin, kowa kuma ya san da ita. Da irin wannan tsari Hausawa suka zauna da gindinsu tun daga Hausare ta Garwa har Birketiri a Yawunde da New Bell a Duwala. Ɗakin fatoma bai kama ƙafar na mebile a kyau ba, tabarma ce da buta da fitila. Amma jarin mutumin sunansa ne. Ran da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga baƙon isa Yola ko Kano, ayari na gaba kuma wani gidan zai sauka. Yana da mata da 'ya'ya a unguwar, a masallacin nan yake salla, ba shi da inda zai ɓuya.

Yau ɗakin ya yi kyau, mutumin ne babu. Wanda ya saka hoton sau da yawa ba shi ne mai gidan ba. Dillali ne, ya kwaso hoton daga wani dillalin, shi ma ya samo daga yaron da aka bar wa makulli, mai gidan kuwa ma'aikaci ne a Yawunde ko ɗan kasuwa a Duwala, rabonsa da gidan tun ranar da aka gama fenti. Kowa a wannan jeri yana ɗora nasa a kan farashi, amma babu wanda ya ɗauki alhakin komai. Ban da waɗanda gidan ma babu shi sam: hoton wani gida ne a wata ƙasa, da kuɗi sun shigo a cire layin a jefar.

Cikin wata bazara wani abokin cinikin yayana ya taso daga Njamena da iyalinsa zuwa Garwa ganin likita, ya riga ya biya kuɗin mako guda ta waya. Ni aka tura in tarbe su a tasha in kai su. Mun isa ƙofar bayan isha'i. Dattijon da ke gadi ya haska mu da tocila, ya ce shi ba wanda ya gaya masa ana zuwa. Alhajin ya ce, "Baba, ina mai gidan?" Ya ce, "Wallahi Alhaji, ni ma a waya nake jin muryarsa. Yaronsa ne ke kawo mini albashi." Lambar dillali tana ta kuka ba a ɗauka. Sai da dare ya raba sannan yaron ya iso a kan babur da makulli, yana ta ba da haƙuri. Gidan dai shi ne na hoton, ba a yi ƙarya ba: ga kujerun, ga labulen, ga na'urar sanyi a bango. Sai dai mitar wutar mai kati ce, kuma babu ko sisi a cikinta. Aka murɗa famfo, ya yi tari, ya yi shiru. A banɗaki jarkoki ne rawaye a jere, rabinsu wayam, su kam ba su fito a bidiyo ba. Yaron ya ce ai wuta da ruwa a kan baƙo suke. Alhajin ya dube ni, ya dubi matarsa da ke zaune a kan akwati tana fifita da gefen mayafi, ya sa hannu a aljihu. Ina zai je da marar lafiya a wannan lokaci?

Ba zan kira wannan damfara ba, kuma shi ya sa ya fi damuna. Wanda ya gudu da kuɗi ɓarawo ne, an san inda ake kai ƙararsa. Wannan kuwa ciniki ne da aka ɓoye rabinsa, kuma irinsa ya fi yawa. Masu yi sun san cewa wanda ya kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde ya sauka Gaundare, ko ya yini a mota daga Gaundare zuwa Marwa, ba shi da sauran ƙarfin musu idan ya iso ƙofa, balle kuɗinsa sun riga shi shiga.

A ƙasarmu abin da ke sa gida ya zaunu ba ya fitowa a hoto. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa da Marwa da Njamena yana haura digiri 40. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, mai ƙarfin megawat 72 idan ruwa ya cika. Idan ruwan ya ja baya da rani, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gider sun rage zafi, amma har yanzu ba wanda zai rantse maka cewa da wuta za a kwana. Don haka ganin na'urar sanyi a bango bai amsa komai ba. Akwai janareta ko sola? Wa ke sayen mai? Famfo kaɗai aka dogara da shi, ko akwai rijiyar burtsatse da tanki a sama? Da damina mota tana shiga layin? Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce a wurin wanda ya taɓa ganin mayo, wato rafin da ke cika da damina, ya kawo ruwa a Marwa.

Gane gaskiyar gida ba shi da wuya, kunya ce ke hana mu. Kar ka tsaya a bidiyon da aka turo. Ka kira mutumin kiran bidiyo yana tsaye a cikin gidan, ka ce ya murɗa famfo ka ga ruwa, ya kunna na'urar ka ji kukanta, ya nuna maka abin da ke kan mita, ya fita ƙofa ya juya wayar ka ga layin da maƙwabta. Mai makulli a hannu zai yi wannan cikin minti biyar. Wanda ya fara "ina kan hanya", "akwai baƙi a ciki", "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?", to ka san da wa kake magana. Wannan "ba ka yarda da ni ba ne" ita ke karya mu. An rene mu a kan cewa tuhumar mutum rashin kunya ce, sai mu tura kuɗi don kada a ce mun zargi ɗan'uwa, alhali a kasuwar shanu ba wanda ke jin kunyar buɗe bakin bijimi ya duba haƙora. Idan kuwa kana da ko mutum ɗaya a garin, ka biya masa kuɗin babur ya je ya taka gidan da ƙafarsa, ya gaisa da mai gadi da mai shagon kusa. Gani ya kori ji.

Wasu za su ce a koma manyan manhajoji irin su Airbnb da Booking.com a huta. Akwai abin koyi a wurinsu. Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, ba ya miƙa wa mai gida kuɗinka ranar da ka biya. Yana riƙewa sai ka shiga gidan da kamar yini guda, kuma waɗanda suka kwana kafin kai suna rubuta abin da suka tarar. Wato kamfanin ya ɗauki wani yanki na aikin fatoma, ya tsaya tsakani, yana cire la'adarsa. Amma a buɗe manhajar a nemi Garwa ko Marwa, sannan a nemi Duwala, a ga bambanci. Gidajenmu kaɗan ne a ciki, sharhin baƙi ya fi su ƙaranci, biya kuma da katin banki ne, mu kuwa kuɗinmu a Orange Money da MTN MoMo suke yawo, a Chadi kuma Airtel Money da Moov Money. Waɗannan an yi su ne don kuɗi su isa nan take, ba don su riƙe amana tsakanin mutum biyu ba. Da ka danna, an gama. Dawo da su sai da roƙon wanda ya karɓa, ko zirga-zirgar ofis da mai jinya ba shi da lokacinta. Ko a manhajar ma, da mai gida ya ce ku koma WhatsApp ya rage maka, kariyar ta ƙare ke nan.

Maganar kafin alƙalami ba baƙuwa ba ce a wurin malamanmu. Imam Malik ya buɗe babin ciniki a Muwaɗɗa da hani a kan kuɗin da ake bayarwa da sharaɗin idan an fasa sun zama na mai kaya, kuma cikin misalan da ya kawo har da mai hayar dabba. Hambalawa sun halatta. Malikiyya kuma sun yarda a yi cinikin abin da ba a gani ba bisa siffantawa, idan ya zo saɓanin yadda aka siffanta mai saye yana da zaɓi. Fatawa ta malamai ce, amma ko ɗan kasuwa ya ji wannan zai gane cewa magabata sun hango inda cuta ke shigowa. Adalcin da nake gani shi ne kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kwana ɗaya. Mai gida ya hana wani saboda kai, idan ka fasa a ƙurarren lokaci ya yi asara, wannan gaskiya ne. Amma sauran kuɗin a biya bayan an shiga, an kunna, an murɗa. A kuma rubuta a saƙo tun kafin a tura: kwana nawa, nawa ne, mutum nawa, wuta da ruwa da gas a kan wa, nawa ne kuɗin ajiya kuma yaushe ake mayar da su. Idan sunan da ya fito lokacin turawa ba na wanda kuke magana da shi ba ne, ka dakata ka tambaya. Saƙon murya yana da daɗi, amma rubutu ne ke tsayawa a gaban jauro, wato mai unguwa, ko jandarma.

Kada a ɗauka masu gidaje ne kaɗai da laifi. Na san masu yin wannan sana'a da gaskiya, kuma abin da suke gani daga baƙi ya isa ya sa mutum ya rufe ya huta. A kama gida da sunan mutum biyu, a wayi gari goma sha biyu. A hura gawayi a kan tayil. A bar na'urar sanyi tana aiki tun safe, ƙofa a buɗe, an tafi kasuwa. A tafi da rimot da cokula. Saboda haka wanda ya ce ka nuna katin shaida, ya ƙirga kayan ɗaki a gabanka, ya karɓi kuɗin ajiya ya ba ka takarda, ba wulaƙanta ka ya yi ba. Da shi ma ya kamata hankalinka ya fi kwanciya.

Akwai kuma mutum na uku da ba a sa shi a cinikin ba, shi ne maƙwabci. Gidan da fuskoki ke sauyawa kullum, motoci na zuwa da tsakar dare, ba wanda ya san mai shiga, dole ya tayar wa unguwa hankali, balle a yankin da ya sha fama da Boko Haram da masu garkuwa da mutane. Wasu gidajen sun zama wurin sheƙe aya, ba sai an faɗa ba. Amma zargin ya fi faɗawa kan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba: malamar asibiti da aka turo taro, 'yar kasuwa mai sarin atamfa, bazawarar da ta kawo ɗanta jarrabawa. Ita za a tsare da tambayar ina mijinki, namijin da ya zo da abin da ya zo da shi kuwa a wangale masa ƙofa saboda ya biya ninki. Inda akwai sanannen mutum da ya tsaya wa gidan, yana da littafin baƙi, maƙwabta na da lambarsa, baiwar Allar nan ta huta da kallon banza, unguwa ma ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Sai maganar 'yan hayar wata. Lissafin a fili yake. A ce gida ana hayarsa sefa 60,000 a wata, idan aka zuba masa kaya aka ce 20,000 a kwana, kwana uku sun biya watan. Wane mai gida ne zuciyarsa ba za ta raya masa ba? Mun ga wannan zazzaɓi lokacin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, da Garwa ta karɓi rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a filin Rumde Ajiya. 'Yan kallo suka kwararo daga Yola da kewaye, duk mai ɗaki ya zama mai masauki. Ranar 23 ga Janairu Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya mai ban haushi, mafi yawan baƙin suka juya gida. Duk wanda ya sallami malamin makaranta mai biya wata-wata don ya zuba kushin, tun daga ranar ya fara koyon cewa baƙo ba kullum yake zuwa ba, kushin kuma ba ya biyan mai gadi.

A manyan biranen duniya abin ya kai ga doka mai tsauri. Birnin Niyok ya fara aiki da dokar rajista a Satumban 2023, wadda ta hana ba da gida na ƙasa da kwana 30 sai mai gidan yana ciki tare da baƙin. Basilona ta sanar a 2024 cewa zuwa ƙarshen 2028 za ta kawar da lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido sama da 10,000. Mu ba mu kai nan ba, kuma kwaikwayonsu kuskure ne. Su baƙi ne suka yi musu yawa. Mu kuwa tun da aka sace iyalin nan Faransawa su bakwai kusa da Waza a Fabrairun 2013, Turawan da ke zuwa kallon giwaye da duwatsun Rumsiki suka ɗauke ƙafa. Baƙinmu na yau mu ne da kanmu: majinyata, ɗalibai, masu biki, fatake, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Wanda ya ce a hana sana'ar, 'yan'uwansa ya hana wurin kwana.

Abin da nake nema ƙarami ne. Kamaru tana da dokar yawon buɗe ido ta 2016, akwai harajin kwanan baƙi tun 2017, kuma ɗan arewa ne, Bello Buba Maigari, ya riƙe ma'aikatar yawon buɗe ido daga 2011 zuwa 2025. Ba doka muka rasa ba. Amma mai ɗaki biyu a unguwar Yelwa ta Garwa ko Domayo ta Marwa ba zai bi dogon layin takardun da aka tsara wa mai otal ba, ɓuya zai yi, kuma ya ɓuya. Ofishin magajin gari ya buɗe littafi mai sauƙi. Duk mai mebile ya zo da shaidar jauro ko lawan na unguwarsa, a ba shi lamba, ya rubuta ta a ƙofa da kuma kan duk tallan da zai saka a waya. A gefen lambar a rubuta sunan mutum ɗaya mazaunin garin, mai makulli, wanda zai amsa idan an kira. Asibitoci da jami'o'i su liƙa jerin a bakin ƙofarsu, domin a nan baƙon da bai san kowa ba yake fara tsayawa.

Na san abin da masu gidaje za su ce, kuma ba su yi ƙarya ba: da ka rubuta sunanka a littafin hukuma, ka jawo wa kanka masu zuwa karɓar na goro kowane mako. Idan rajistar ta zama tarkon haraji, kowa zai koma bayan dillali, mu dawo inda muke. Shi ya sa ya kamata shiga ta zama kyauta, a kuma raba ta da ofishin haraji a shekarun farko. In kuma hukuma ta yi nawa, ba sai an jira ta ba. Mahauta suna da sarkin pawa, direbobi suna da shugaban tasha da ake kai wa ƙara idan kaya sun ɓata. Masu mebile goma a Garwa za su iya haɗuwa gobe, su fitar da lamba ɗaya da baƙo zai kira ko ƙarfe nawa ne, su kuma yarda a tsakaninsu cewa duk wanda ya karɓi kuɗi ya kashe waya, a cire sunansa a sanar.